Mai Riƙon Igiya Ba Ya Shiru

Na ga abubuwan mamaki da yawa tun da tsufa ya zaunar da ni a Malbaza, gidan ɗana, amma ban taɓa zaton hoto mai motsi zai tayar da ni tsaye, har sandata ta faɗi ba. Abin ya faru ne a kwanakin da labari ya zo cewa ciwo ya kayar da Nomau. Nomau taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Tare muka tashi a ƙauyenmu da ke tsakanin Illela da Badagishiri, tare muka yi sana'ar ginar rijiya muna samari. An ce ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya rufe, ido a buɗe amma ba ya gane kowa. Da na ce zan tafi, 'ya'yansa suka aiko ta waya cewa kada in wahalar da kaina, ko na zo bai san na zo ba. Ɗana ya kama wannan magana ya riƙe gam, ya ƙara da gwiwoyina da hawan jinina da nisan hanya. Na zauna, amma hankalina yana can. Abinci ya fita kaina, na koma faɗa da kaji da yara, har jikana Sha'aibu, mai shagon cajin waya a bakin tasha, ya ga abin ya yi yawa ya zo da hantsi ya ja ni.

"Tsoho, taho ka ga abin da ba ka taɓa gani ba," in ji shi. "Ka bar kajin mutane su huta."

"Mi za ka gwada min wanda ban gani ba, kai da anka haihwa jiya?"

"Mutanen da sunka tahi sama ginar rijiya."

Wannan ce ta kama ni. Na bi shi ina ƙunƙuni, ya zaunar da ni kan benci tsakanin 'yan kabu-kabu masu jiran fasinja da baburansu, ya kunna telen da ke rataye a bango. Fim ne na Turawa da wani ya ɗora masa Hausa, murya ɗaya tana yi wa maza da mata magana. A zamaninmu sama ba wurin zuwa ba ce, wurin dubawa ce. A duba gabas ko hadari ya haɗu, a duba taurarin kaza da 'ya'yanta a san inda shekara ta kai, a duba jinjirin wata. Yanzu ga yara suna cin gyaɗa suna kallon mutane na yawo a cikinta, ko gezau. Labarin shi ne ruwa ya yi ƙaranci a duniya, sai aka zaɓi mutum uku aka sa su a kumbo zuwa wata duniya mai sanyi, wadda aka ce akwai ruwa a ƙarƙashin dutsenta. A nan ƙasa kuma aka bar wani mai furfura a buro, wato ofis, da abin magana maƙale a kunnensa, aikinsa ke nan ya riƙa zance da su.

Da farko dariya na yi ta yi. Mutane za su tafiyar da ba a san ranar dawowarta ba, babu wanda ya zaga dangi neman gafara, babu wanda ya raka su ko bakin gari. Suna cin abinci ba tayi. Sun yi wata da watanni a hanya, amma fuska tas, gashi a kwance kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ga kiɗa ko'ina, mutum ya ɗaga ƙafa kiɗa, ya sauke kiɗa. Na gaya wa Sha'aibu waɗannan ko ramin shuka ba su taɓa tonawa ba.

Amma yabon gwani ya zama dole. Da suka isa, aka ɗaura wa ɗayansu igiya a ƙugu aka fara zura shi cikin wani tsagin dutse, dariyata ta ɗauke. Aka kashe kiɗan. Babu abin da kake ji sai numfashinsa, yana shiga yana fita. Ya ɗaga kai, aka nuna mana bakin ramin yana ƙanƙancewa, daga faɗin tabarma ya koma faifai, daga faifai ya koma bakin ludayi. Wata 'yar tsakuwa ta gangaro ta wuce kusa da kansa, ya daskare yana sauraron ko akwai 'yan'uwanta a baya. Na rantse duk wanda ya tsara wannan wuri, ko dai ya taɓa shiga rijiya ko ya zauna da wanda ya shiga. Ina kan benci a Malbaza, amma hancina warin danyar ƙasa yake ji.

Yaran yanzu ba su san yadda ake samun ruwa ba. Mota ce ke zuwa da dogon ƙarfe, ta yi ruri kwana kaɗan, ruwa ya yi tsiri, a kafa famfo a tafi. Ban ƙi wannan ba, don na ga tafin hannun uwata yadda igiyar guga ta mayar da shi, na kuma san matan da rijiya ta mayar zawarawa. Amma mu da hannu muke yi, da dagi da ƙwarya. Da rani, in an gama kai amfanin gona rumbu, Baba Arzika, wan mahaifina, ya tattara mu mu bi garuruwa da rugage. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar dagi a kan dutse, da kukan itacen da ake gittawa a bakin rijiya in igiya na goga shi, da kukan shanu masu jiran ruwan da bai fito ba tukuna. Kafin kowa ya shiga sai an zura fitila a gani. In ta mutu a hanya, iskar ƙasa ta ɓaci ke nan, sai a ɗaure rassan ganye a yi ta zurawa ana jawowa har ta gyaru. Duk wannan aiki ne da kowa zai iya koya. Abin da Baba Arzika ba ya wasa da shi ɗaya ne, wato wa zai riƙe igiyar wanda ya shiga.

Ba ya ba uba igiyar ɗansa, ba ya ba yaya igiyar ƙanensa, ba ya ba aboki mai kunya. Taubashi yake ba, wanda ya saba zaginka tun kuna wasan ƙasa kuma babu mai ikon hana shi. Yakan ce, "Mai tausai shi ka kashe na ƙasa." Dalili kuwa, mugunyar iska ba ta zuwa da zafi, da barci take zuwa, barci mai daɗin da ba ka taɓa yin irinsa ba. In na sama ya lallashe ka, ya taya ta aiki. Sai an ɓata maka rai jininka ke motsawa ka amsa. Saboda haka mai igiya bakinsa ba ya hutawa. Ba ya amsa sallama ko ta hakimi ce, ba ya waiwaya, ruwa sai dai a ɗura masa, salla ma sai ya rama. In na ƙasa ya kasa magana, ya ja igiya a san yana nan. Kuma Baba Arzika ya koya mana cewa mai igiya magana biyu gare shi. Muddin akwai sa rai, zagi ne. In ta tabbata babu fita, sai ya canza magana, ya karɓi saƙon mutum zuwa ga iyalinsa, ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya yi ta maimaitawa har igiya ta daina amsawa. Shiru ba ya cikin aikinsa. Ni ɗan namiji ne, Nomau ɗan mace, saboda haka a wasanmu bawana ne, ko da yake bai taɓa yarda ba. Shi ke riƙe tawa, ni ke riƙe tasa.

Wata bazara Fulani suka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya a kan fako, mu kuma ƙara mata zurfi. Ni na shiga da hantsi. Ban daɗe da fara aiki ba na ji wani ɗan ƙara a bayana, kafin in juya gefe ɗaya na rijiyar ya zabtaro. Da ƙura ta lafa na tarar ƙasa ta binne ni har ƙirji, hannu ɗaya kawai ke waje, shi ma Allah ya sa igiya na kusa da shi. Ba a iya jawo ni, don sai a tsinka ni biyu. Dole Baba Arzika ya sauko ta wata igiya ya riƙa kwasar ƙasa ƙwarya ƙwarya, a hankali, kada sauran bangon ya biyo. Tsoro ya zo ya wuce, sai barcin nan ya iso. Na ga ɗakin uwata da sanyinsa, na ga randa a kusurwa, na ji babu abin da nake so kamar in kwantar da kai. Sai ga muryar Nomau daga can sama.

"Raggo, kwana kakai? In ka mace ka gaya min da wuri, in kai goro gidan su Hajo tun ba a watse kasuwa ba."

Hajo ita ce yarinyar da nake nema, wadda daga baya ta zama uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta. Na buɗe ido.

"Dama ta ce min kai ba ka iya zance, sai soshe-soshe awa mai ƙazwa. Takalmanka ma ga su nan, na gwada, sun yi min daidai."

Raina ya ɓaci har na manta ina cikin kabari. Na tattara ɗan numfashin da ya rage na rama, ya ƙara, na rama. Ya zagi tafiyata, ya zagi kunnuwana, ya tono ranar da jaki ya kayar da ni gaban 'yan mata a kasuwar Illela. Da muryata ta ƙare na koma jan igiya, duk zagi ja ɗaya, don ya san ban yafe ba. Duk lokacin da barcin ya dawo, sai ya nemo wadda ta fi ta baya ciwo. Tun hantsi har la'asar bai yi shiru ba, ina jin muryarsa tana tsagewa tana ƙara siranta. Da aka fito da ni, na yi niyyar in na samu ƙarfi in shaƙe shi. Sai na ga fuskarsa. Hawaye sun yi hanya a kan ƙurar kumatunsa, leɓe ya tsage, tafin hannu ya saluɓe. Ashe duk zagin nan yana kuka yake yi. Ya dube ni ya ce da wata murya kamar ta tsoho, "Asara, ya hito." Wata Bafulatana ta kawo nono, ta tsallake ni ta ba shi tukuna. Muryar nan tasa ba ta koma daidai ba, a dishe ya yi aure, a dishe ya aurar da 'ya'ya.

To a fim ɗin ma haka ta faru, injin da ke jan igiya ya cije, mutumin ya maƙale a ƙasa, iskar da ke goye a bayansa tana ƙarewa. Na gyara zama, na ce yanzu zan ga aikin mai furfura, tunda shi ne mai igiyarsu. Sai na ji yana cewa, kai jarumi ne, duniya ba za ta manta da kai ba, rufe idonka ka tuna 'yarka. Na ce da ƙarfi kada ya rufe, 'yan kabu-kabu suka fashe da dariya. Na yi wa mai furfura uzuri, na ce bai samu mai koya masa ba. Daga nan manyansa suka shigo suka gaya masa babu dabara, sauran biyun su taso su bar na cikin rami. Na ce to, lokacin canza magana ya yi. Ban san addininsu ba, amma kowa da abin da yake faɗa wa mai tafiya.

Mai furfurar nan sai ya sa hannu ya cire abin maganar daga kunnensa. Ya ajiye shi a kan tebur, ya tashi ya tafi bakin taga yana kuka, kiɗa ya taso. Aka nuna abin a yashe, muryar na cikin rami tana fitowa daga ciki 'yar ƙarama, tana cewa kana ji na, kana nan, kana ji na. Kujera ce kawai a gabansa. A nan ne na ga kaina tsaye, sandata a ƙasa.

"Sha'aibu, ina mutumin ga za shi?"

"Zuciyatai ta kasa ɗauka, tsoho. Tausai na."

"Tausan wa? Na kainai ko na wanda ac cikin rame?"

"Ai babu abin da za a iya yi mai. Kuma wasa na, ba wanda yam mutu. Sun yi haka don mai kallo shi ji abin har cikin rai. Ga shi ko kai ma ka ji."

A nan yaron ya yi gaskiya, na ji, kuma wanda ya iya tayar da tsoho tsaye ba da hannu ba, ya san aikinsa. Da a ce sun nuna shi ne don a tsine masa, da na ce fim ya cika. Amma kiɗan yabonsa yake yi, hasken ma a kan hawayensa aka zuba. Abin da ya fi girgiza ni ba Turawan ba ne, yaran da ke kan benci ne. Ɗaya ya ce nan ne wurin da ya fi daɗi a duk fim ɗin, wani ya share ido ya ce bawan Allah ya ba shi tausayi. Mai kukan yake nufi. Dukansu 'ya'yan Musulmi, jikokin manoma da makiyaya da suka sha ruwan rijiyoyinmu, babu ko ɗaya da ya ga laifi. Na tsaya ina dubansu kamar baƙi. Sai maganar nan ta 'ya'yan Nomau ta faɗo mini, ko ka zo bai san ka zo ba. Wa ya gaya musu? Wa ya shiga ya gani? Ni na shiga, na san mutum yana iya rasa baki da hannu da ƙafa, kunne yana nan yana jiran a kira shi.

Ban jira ƙarshen fim ba. An ce mini sauran biyun sun dawo da ruwa an tarbe su da biki, su suka sani. Na ce wa Sha'aibu ya ɗauko mini sandata ya sa ni motar Badagishiri.

"Baba shina kashe ni in ya jiya."

"Ce mai zumunta ga ƙahwa take. In shina da magana shi iske ni can."

Ya dube ni, ya ga ba wasan jika da kaka ba ne yau. Ya je ya roƙi direba ya ba ni kujerar gaba. A hanya na yi ta ganin tankunan ruwa a kan dogayen ƙafafu, jefi-jefi kuma tsohuwar rijiya an rufe bakinta da ƙaya, wata ma na san wanda ya gina ta. Daga Badagishiri ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni, gwiwoyina suna tsine mini. Ana kiran la'asar na shiga gidan.

Ba zan ce ba a kula da shi ba. Ɗaki a share, shimfiɗa tsaf, an kunna masa rediyo a hankali kusa da kansa don ya ɗebe masa kewa. Masu dubiya suna tsayawa a bakin ƙofa su ce Allah ya ba da lafiya, su juya suna magana ƙasa-ƙasa. 'Yarsa Rabi ta tarbe ni tana cewa na wahalar da kaina. Na shiga na gan shi, ya koma ɗan kaɗan, ido na kallon rufi. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a cikin rijiya, na ce kada dai na makara. Na zauna a gefensa, na warware rawanina, na sa bakin rawanin a hannunsa da bai shanye ba, na dunƙule masa yatsu a kai, na riƙe ɗaya bakin.

"Bawa, kwana kakai? Ubangidanka ya taho tun daga Malbaza kana kwance?"

Rabi ta dafe ƙirji. "Baba, don Allah. Mutum na hannun Allah."

Ban waiwaya ba, mai igiya ba ya amsawa.

"An ce min ka hwaɗi. Dama ƙahwahun ga naka tun kana saurayi awa na zalɓe. Takalmanka na ishe bakin ƙohwa, na gwada, sun yi min daidai. In ka mace ka gaya min da wuri in wuce da su."

Babu motsi. Na ji mutane sun taru a bayana, wani yana cewa tsufa ya taɓa ni. Na zagi kunnuwansa, na zagi rowarsa, na tono bashin dariyar da ya yi mini ranar jaki. Rawani yana kwance tsakaninmu a sake. Maƙogwarona ya bushe, idona ya cika, na gane abin da ya sha a bakin rijiyar nan.

"Hajo ma kahin ta rasu ta ce min, goron da kac ce za ka kai, ko ka kai ba ta amsa. Ta ce wa ka auren mai murya awa ta kwaɗo?"

Rawanin ya miƙe. Ba da ƙarfi ba, kamar yadda ɗan akuya ke jan gefen zane, amma ya miƙe, kuma Rabi ta gani. Ta durƙusa tana kiran sunan Allah, ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

Ina nan har yanzu. Sha'aibu yana bugowa wayar Rabi, wai babansa na tambaya yaushe zan koma, na ce a gaya masa mai igiya ba ya tashi. Muryata ta fara dishewa, jikokin Nomau suna kwaikwayona a tsakar gida. Ba na ruɗin kaina, irin wannan rijiya ba kasafai ake fita daga cikinta ba, kuma ina jin shi ma ya sani. Magana ta biyu tana nan a bakina, na shirya ta, in lokacinta ya yi ba zan bar shi da kujera ba. Amma yau da safe na ce masa raggo, ya ja. Saboda haka ban canza magana ba tukuna.